Anti, kullum sai sun kwashe min yaro zuwa daji cikin ruwan sama

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekararmu biyu kenan a Jamus, wani ƙaramin gari a jihar Bavariya, aiki ne ya kawo maigidan. Yarana uku, babban namiji ne shekara 9 yana aji huɗu, mai bi masa mace shekara 6, sai autan shekara 4 yana zuwa Kita, wato gidan renon yara. Anti wallahi na rasa yadda zanyi, ko ruwa ake ko iska sai sun fita dasu waje, duk sati kuma akwai ranar da suke shiga daji, yaro ya dawo min taɓo har kunne ga majina. Babban kuma abokansa suna zuwa su danna ƙararrawa wai ya fito wasa, ni kuma nace a'a, ban san iyayensu ba, ga karnuka ko ina, ga labaran da muke ji na hukumar yara tana ƙwace wa mutane 'ya'ya. Yanzu makaranta sun aiko da fom wai zasu tafi da ajinsu kwana uku wani masauki kusa da daji, na ƙi sa hannu, yaron ya daina min magana sosai, daga waya sai faɗa da ƙannensa, maƙwabciyar ƙasa har ta hau bene tayi ƙorafin tsalle-tsalle. Maigidan yace na maida su fursunoni. Ni dai tsoro nake ji Anti, ba ni da kowa a nan. Me zanyi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki, kuma jimlar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta ƙarshe, inda kika ce ba ki da kowa a nan. Zan dawo kanta, amma bari mu fara da taɓon tunda shi kike gani kullum.

Da farko ki cire a ranki cewa sakaci ne yake sa malaman nan fitar da yara cikin ruwa. Tsari ne suka gina shi da gangan kuma sun daɗe akai. Tun shekarun 1950 aka fara makarantun renon yara na cikin daji a Danmak, a Jamus kuma wadda hukuma ta fara amincewa da ita an buɗe ta a garin Flensburg a 1993, yanzu irinsu sun haura dubu, akwai waɗanda yaran ma ba su da aji kwata-kwata sai wata 'yar bukka ko tsohuwar tirela da suke fakewa in iska tayi ƙarfi. Naki ma da sauƙi tunda rana ɗaya ce a sati. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar daji ne, kuma dokar daji ta tarayya ta 1975 ta ba kowa damar shiga yawo ko da dajin na wani ne. Kinga mutanen da suka tashi a haka in kika ce musu kada yaro ya fita saboda yayyafi kallon mamaki kawai zasu miki, ba wai raini bane.

Maganar mura kuma, ƙwayar cuta ce take kawo ta, kuma tafi saurin yawo a ɗakin da aka rufe tagogi aka kunna hita yara goma sha biyar suna tari a fuskar juna. Yaron da ya shiga Kita sabo dama sai yayi ta mura a shekarun farko ko da ba a taɓa fitar dashi ba. Abin da yake cutar da yaro a waje shine ya jiƙe ya daɗe a jiƙe, ko a saka masa kaya marasa kyau. To anan ne aikinki yake. Gobe in kin kai shi ki tsaya ki kalli wajen rataye kayan yara, ƙarƙashin kowane ƙugiya zaki ga wandon roba mai igiyar kafaɗa da suke kira Matschhose, da takalmin roba, da wata 'yar jaka ta kayan canji da sunan yaro a jiki. Ki haɗa masa irin wannan. A ciki kada ki dogara da riga ɗaya mai kauri, ki jera masa sirara biyu ko uku kamar ɓawon albasa yadda in ya ji zafi za a cire ɗaya, ta jikin fata ta zama ta ulu ko irin yadin nan na 'yan wasanni domin auduga tana riƙe gumi ta huce a jiki, sai hula mai rufe kunne da safar hannu wadda ruwa baya shiga. Ba sai kin sayi sababbi ba, farkon bazara da farkon kaka iyaye suna yin kasuwar kayan yara na hannu a makarantu da zaurukan unguwa, ki tambayi malamarsa yaushe ne na kusa daku.

Amma fa ki ji wannan da kyau, in akwai mai sikila ko asma a cikin yaranki to maganar ta canza. Sanyi da ruwan sanyi suna iya tayar wa mai sikila da ciwo, kuma ba kowace malama bace a can ta san cutar, sai a 2021 ma aka saka ta cikin gwajin jarirai na ƙasar. In haka ne ki samu likitan yara ya rubuta takarda a kai makaranta, a faɗi abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Baki ambata ba shi yasa nake ɗauka lafiyarsu ƙalau.

Yanzu bari in faɗa miki gaskiyar da maigidanki ya faɗa da kaushi. Zaman cikin gidan nan da kike gani kamar kariya, shima yana da nasa illar, kawai dai ba ya zuwa da taɓo ne shi yasa ba a lura. Hukumar Lafiya ta Duniya tace yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga. Yaro ɗan shekara tara da bai samu wannan ba dole ƙarfin ya fita ta wani wajen, shine tsallen da maƙwabciyarki take ji a silin ɗinta, shine dukan ƙanne. Ga ido ma, hasken waje yana rage wa yara kamuwa da matsalar rashin hangen nesa, har Taiwan ta fito da shiri a makarantunta a 2010 na yara su riƙa samun minti 120 a waje kullum saboda yadda tabarau ya yi yawa a ajujuwa. Sannan ga bitamin D wanda mu masu duhun fata ya fi shafa. A Jamus daga wajen Oktoba zuwa Maris rana bata da ƙarfin da fata zata haɗa shi, jiki da abin da ya tara a watannin zafi yake lallaɓawa, fatarmu kuma tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana fiye da tasu. Yaron da ya wuni a ɗaki a Yuni da Yuli me zai tara? Ki yi wa likitan yara maganar ƙarin bitamin D na hunturu, su ukun, ke ma ki tambayi naki likitan, don gajiya da ciwon jiki da yawan matan mu suke fama dashi a can wani lokacin daga nan ne.

Ni ba zan ce miki ki daina tsoro ba, uwa ce ke. So nake ki ɗauke tsoron daga inda ba shi da amfani ki ajiye shi inda haɗarin yake da gaske, kuma guraren ba su da yawa.

Na farko ruwa. Bavariya cike take da tafkuna da koguna, lokacin zafi duk yaran ajinsu can suke, kuma yaro in zai nutse ba ya ihu ba ya ɗaga hannu, shiru yake tafiya. Yaranmu da yawa suna zuwa ƙasashen nan basu iya iyo ba, sai kunya ta sa yaro ya bi abokansa cikin ruwa don kada a masa dariya. Wannan shine abin da zai hana ni barci in nice ke. Ki saka sunayensu a ajin koyon iyo tun wannan satin domin layin jira yana da tsawo. Alamar farko da ake basu, Seepferdchen, mita 25 ce kawai, kuma ƙungiyar ceto ta DLRG da kanta tana cewa wannan bai sa yaro ya zama gwani ba, sai ya ci ta tagulla wadda ake iyo na minti 15 aƙalla mita 200. Kafin nan ko bakin ruwa zai je sai da babba. Ga 'yar taki in maganar sutura ce take damunki akwai kayan iyo masu rufe jiki kuma an saba ganinsu a wuraren wanka. Da hunturu kuma doka ɗaya ce ba sassauci, ba a taka tafkin da ya daskare sai hukumar gari ta ce an buɗe, masu ceto suna cewa sai ƙanƙarar ta kai kaurin santimita 15 a ruwan da yake tsaye, yaro kuma ba zai iya aunawa da ido ba.

Na biyu kaska. Wannan kam ya shafe ku kai tsaye saboda kusan duk Bavariya tana cikin yankunan da cibiyar kula da cututtuka ta ƙasar, Robert Koch, ta lissafa da haɗarin FSME, cutar da kaska ke sakawa mai taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai rigakafinta, allura uku ce, kuma inshorar lafiya tana biya wa mazauna yankin, ki tambayi likita ko an musu. Ɗaya cutar, Borreliose, ba ta da rigakafi amma kaskar sai ta ɗau awanni a manne kafin ta saka ta, shi yasa dubawa da yamma take da muhimmanci. Duk ranar da suka shiga ciyawa, lokacin wanka ki duba bayan kunne, gefen gashi, hammata, cibiya, matsematsi da bayan gwiwa. Ƙaramar ba ta fi ɗigon biro ba, kuma a baƙar fata wuyar gani gare ta, ki haɗa da shafawa da yatsa, zaki ji wani ɗan ƙullutu kamar tsakuwa. In kin samu ki kama ta da hantsaki dab da fata ki ja a hankali, kada ki zuba mai ko man goge farce, ki rubuta ranar. In bayan kwanaki ko makonni wajen ya yi wani zagaye yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya zo, ki kai shi asibiti ki ce kaska ta cije shi, ki kuma tuna musu cewa a fatarsa jan ba lallai ya fito ja ba, yana iya zama duhu-duhu kawai.

Na uku titi, musamman da hunturu da rana take faɗuwa tun wajen huɗu da rabi. Riga mai ƙyalli ko abin ƙyalli a jaka, fitila a keke, hular kwano. Doka tace yaro ƙasa da shekara 8 a gefen masu tafiya da ƙafa zai tuƙa keke, zuwa shekara 10 yana da zaɓi, kuma a aji huɗu 'yan sanda suna zuwa su koya musu tuƙin keke a titi har da jarrabawa, wato babban naki a bana zai yi. In ba shi da keke ki nema masa ko na hannu ne, kada ranar ta zo ya zama shi kaɗai ne bai iya ba. Sauran ƙananan abubuwa ne, kada su ci wani 'ya'yan itace ko laimar kwaɗi da suka tsinta, in kare ya nufo su su tsaya cak kada su gudu, kada su taɓa kare sai sun tambayi mai shi. Akwai wata ciyawa Brennnessel mai ƙuna in ta taɓa fata, zai yi kuka ya sosa, zuwa anjima ya wuce, gobe da kansa zai nuna miki ita. Su haddace 112, lambar kiran gaggawa, da lambar wayarki, shikenan.

Batun hukumar yara, Jugendamt, na san yadda labarin yake yawo a guruf-guruf ɗin mata har mutum ya ji kamar suna laɓe a bayan ƙofa. Ba a ɗauke yaro don ya faɗo daga bishiya ya kurje gwiwa, ko don ɗan shekara tara yana wasa a filin unguwa, su da kansu haka 'ya'yansu suke. Doka ta basu ikon ɗaukar yaro ne in akwai haɗari na gaggawa a kansa, kuma in iyaye basu yarda ba sai kotun iyali ta shiga. Abin da yake jawo su da gaske shine duka, domin tun shekarar 2000 dokar ƙasar ta haramta dukan yaro ko da iyayensa ne, sai kuma sakaci da rashin zuwa makaranta. Ki duba da kyau, gidan da aka kulle yara uku suna haukata uwa da faɗa har hannunta ya fara saurin tashi, shine ya fi kusa da wannan matsalar akan gidan da yara suka fita suka gaji suka dawo suka yi barci. Maƙwabciyar ma, hayaniyar yara ta yau da kullum ba laifi bace a wajen kotunansu, amma daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, ki kiyaye wannan, in kun haɗu a matakala ki gaishe ta.

Abokan da suke danna ƙararrawa kuwa, ƙanwata wallahi ki gode wa Allah. Akwai iyayen da suke rubuto min suna kuka cewa shekara ta zagayo ba wanda ya taɓa gayyatar ɗansu ko'ina. Naki har gida ake biyo shi, kuma yara basa danna ƙararrawa har abada, in aka ce musu a'a sau da yawa zasu daina zuwa, ranar da suka daina kuma dawo dasu aiki ne. Kin ce baki san iyayensu ba, to wannan gyaruwa yake. In sun zo ki ce su shigo su yi wasa awa ɗaya a gidanki, ki ji sunayensu, ki rubuta lambarki a takarda ki ba kowanne ya kai wa mamansa. Karo na gaba ki bisu filin wasan ki zauna a benci da ƙananan. Bayan nan ki bar shi ya je shi kaɗai da agogo a hannu, ki ce ƙarfe kaza, wuri kaza, in za a canza wuri a dawo a faɗa min. In ya cika alƙawari ki ƙara masa, in ya saɓa ki rage na kwana biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Maganar masu cutar da yara kuma, mafi yawan lokuta ba baƙo bane a bayan bishiya, wanda yaro ya sani ne, kuma yanzu wayar da ke hannunsa a cikin ɗaki ma ƙofa ce. Abin da yake kare shi shine ya san jikinsa nasa ne, ya san ba babban da zai ce masa ya ɓoye wa mama sirri, ya kuma san in ya faɗa miki abu ba zaki fara da faɗa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, wata rana zai dawo ya ce wani ya faɗa masa magana akan fatarsa. Zai faru ko kin bar shi ya fita ko baki bari ba, a makaranta ma yana iya faruwa. Yaron da yake da abokai uku da zasu tsaya masa ya fi wanda ba shi da kowa iya ɗaukar wannan. In ya faɗa miki ki yarda dashi, kada ki ce ya share, in a makaranta ne ki je ki samu malamar.

To mu koma kan jimlarki ta ƙarshe. Ina jin wani ɓangare na tsoron nan ba na yaran bane, naki ne. Maigida yana fita aiki yana jin yaren, yara suna makaranta suna jin yaren, ke kina tsakanin bango huɗu da waya, duk abin da kika sani game da wajen ƙofarki daga bakin wasu kika ji shi. Dajin da baki taɓa shiga ba dole ya zama abin tsoro. Ki tambayi malamar autan ko zaki iya binsu ranar daji sau ɗaya, yawanci suna murna da ƙarin hannu. Zaki ga suna da igiya da iyaka, akwai bishiyar da ba a wucewa, ana ƙirga yara a tafiya ana ƙirgawa a dawowa, kowa ya zauna akan 'yar tabarmarsa ya buɗe jakarsa, zaki ga ɗanki da kike ɗauka kamar ƙwai yana tafiya akan gungumen icce hannu a buɗe yana kiran sunan ƙwari da Jamusanci. Gani ya kori ji. Ranar Lahadi kuma da shaguna suke rufe ku fita ku biyar, shi maigidan da ya iya cewa fursunoni sai ya zo ya riƙe hannun ɗaya, wannan ba aikinki bane ke kaɗai kuma ki faɗa masa Anti ce ta ce. A hanya ki riƙa musu Hausa, ki sa su faɗa miki sunan abu da Jamusanci ke ki basu namu, ku duka kun ƙaru. In da ƙungiyar wasanni a garin ki saka babban a ƙwallo ko wani abin, a gefen fili ake sanin iyaye, a nan zaki samu wadda zaki kira in wani abu ya taso.

Fom ɗin tafiya kuma ki sa hannu. A wajensu tafiyar aji cikin karatu take, tsohuwar al'adar makarantunsu ce, masaukan matasan ma wani malamin makaranta Richard Schirrmann ne ya kawo tunaninsu tun 1909 saboda ɗalibansa su samu wajen kwana in sun fita yawo. Kafin ki sa hannun ki nemi ganin malamar, ki tafi da tambayoyinki a rubuce, in yaren zai baki wahala ki tafi da maigidan. Manya nawa ne zasu raka su, maza da mata ɗakinsu daban ne, akwai shiga ruwa a shirin, wa za a kira da dare. In akwai iyo ki rubuta ƙarara cewa bai iya ba tukuna. Akwai gurbi a fom ɗin na abin da yaro ba ya ci da magungunansa, ki cike shi dalla-dalla. In kuɗin ne yayi nauyi kuma kuna karɓar tallafin haya ko ƙarin kuɗin yara, shirin Bildung und Teilhabe yana biyan kuɗin tafiyar aji, yana kuma bada Yuro 15 duk wata na ƙungiyar wasanni, ofishin makarantar zasu nuna miki inda ake nema. Kuma ki gaya wa yaron da bakinki yau, kafin babansa ya riga ki, ki ce kin yi tunani kin amince, sannan ku zauna tare ku rubuta abin da zai saka a jaka.